Rigakafin yaranmu da aljihun wasu

Akwai wata tambaya da matan da ke bi gida-gida suna ɗiga wa yara maganin shan inna suka sha ji a zauruka da bakin ƙofofi a Arewacin Najeriya fiye da shekara ashirin, kuma har yau ba a ba ta amsar da ta dace da ita ba. Magidanci zai dubi ma'aikaciya ya ce mata, idan ɗansa ya kwanta da zazzaɓi ya kai shi asibitin gwamnati, shi zai yanki kati, shi zai sayi magani, wani lokaci har sirinji da safar hannu shi zai sayo, to me ya sa wannan magani ɗaya tak ake biyo shi da shi har gida, kyauta, sau da yawa a shekara, ana lallashinsa ya karɓa? Jami'an lafiya sun daɗe suna ɗaukar wannan tambaya a matsayin alamar jahilci ko taurin kai, sai su nemi mai unguwa ko liman ya shawo kan mutumin. Ni kuwa a ganina tambaya ce ta mai hankali, domin mutumin ya lura da abin da yake gaskiya: maganin da ke zuwa ƙofarsa akwai wanda ya biya kuɗinsa daga waje, asibitin unguwarsa kuma babu wanda ya biya nasa. Maganar ingancin allurar rigakafi da maganar wanda ke biyan kuɗinta ba su rabuwa, kuma muddin ana tattauna ɗaya a bar ɗaya, za mu ci gaba da zagaye wuri guda.

Ya kamata in bayyana matsayina tun daga farko. Na yarda cewa alluran da ake yi wa yara a jadawalin rigakafi na yau da kullum suna da aminci, kuma suna cikin abubuwa mafi amfani da ilimin likitanci ya kawo mana. Ba sai an je ɗakin bincike ba kafin a ga hujja. Dattawanmu da ke da tabon lamba a dantse sun san abin da ake kira agana, sun ga fuskokin da ta ɓata da idanun da ta makantar, amma matashin yau bai taɓa ganin mai ita ba, domin tun 1980 aka tabbatar an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Sanƙarau nau'in A, wanda ya riƙa share garuruwa a lokacin zafi daga Senegal har Habasha, ya kusan ɓacewa bayan da aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, sannan Najeriya a 2011, allurar da kuɗin kowace ɗaya bai kai rabin dala ba. Kuma duk shekara dubban maniyyata suna miƙa dantse a yi musu allurar sanƙarau da ta shawara, su karɓi katinsu ba tare da gardama ba, saboda Saudiyya ba ta barin kowa ya shiga sai da shi. Ban taɓa jin an fasa aikin Hajji saboda tsoron allura ba.

To amma shakkun da ke zukatan mutanenmu ba daga sama ya faɗo ba. A 1996, lokacin da annobar sanƙarau ta kashe sama da mutum dubu goma a Najeriya, kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda aka fi sani da Asibitin Zana, ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, rabinsu aka ba su sabon maganin, rabi kuma aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna, iyaye kuma suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi da 'ya'yansu ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Trovan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, ba allurar rigakafi ba ce, kuma masana suna yawan nanata wannan bambanci. Gaskiya ne, amma uwar da ta ga an zo daga ƙasar waje da magani kyauta, daga baya ta ji an yi shari'a ta shekara da shekaru a kansa, ba za ta tsaya rarrabe ajin magunguna ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Shekara bakwai bayan haka aka shiga rikicin 2003, lokacin da jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin cewa an gauraya shi da abin da ke hana haihuwa. Kano, a ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau, ita ta fi daɗewa, ta kai kusan shekara guda kafin ta ci gaba a watan Yulin 2004. Zargin bai tabbata ba, kuma an biya farashi mai tsada: ƙwayar cutar ta tashi daga nan ta sake ɓulla a ƙasashe kusan ashirin da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da Indunusiya, sannan a 2006 yaran da suka shanye a Najeriya kaɗai sun haura dubu ɗaya. Waɗancan yaran yanzu samari ne da 'yan mata, wasunsu muna ganinsu a kan kekunan guragu a mahaɗar tituna. Abin da nake so a lura da shi shi ne yadda rikicin ya ƙare. Ba wa'azin ƙwararru daga Janiba, hedikwatar Hukumar Lafiya ta Duniya, ne ya kwantar da hankali ba, sai da aka tura wakilai suka ga yadda ake gwada maganin, aka kuma kawo wanda aka sarrafa a Indunusiya, ƙasar Musulmi. Wato mutane suna tambayar wa ya yi shi, wa ya biya, wa ya duba shi a madadinmu, kuma da aka ba su amsar da za su iya kamawa sai suka sauko. Daga baya hukumar leƙen asirin Amurka ta ƙara dagula lamarin da ta fake da aikin rigakafin ciwon hanta a Abbottabad ta Pakistan a 2011 wajen farautar Usama bin Laden, kuma a watan Fabrairun 2013 aka harbe mata tara masu aikin rigakafi a Kano. Duk wanda zai yi maganar amana a wannan fage dole ya san cewa da jini aka rubuta tarihinsa.

Kuskuren da hukumomi suke yawan yi shi ne su ce wa jama'a allura ba ta da wata illa ko kaɗan. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma uwa ta san ba gaskiya ba ne, domin ita ce ke kwana tana jijjiga jariri mai zazzaɓi da kumburin cinya bayan allurar wata ɗaya da rabi. Zazzaɓin da kumburin suna wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma da an gaya mata tun a asibiti cewa za su zo, da abin da za ta yi idan sun zo, da ba za ta ƙi komawa allura ta biyu ba. Akwai kuma mummunan borin jini da kan kama mutum cikin 'yan mintoci bayan allura, wanda ke faruwa kusan sau ɗaya a cikin allurai miliyan, kuma ana maganinsa nan take idan akwai allurar adirinalin a kusa da wanda ya iya amfani da ita. Sannan akwai abin da ya fi wuyar bayani: maganin shan inna na ɗigawa a baki yana ɗauke da ƙwayar cutar da aka raunana, kuma a wurin da yara da yawa ba su da rigakafi, ƙwayar tana iya yawo daga yaro zuwa yaro tsawon watanni har ta sake yin ƙarfi ta shanye wani. An ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna a ranar 25 ga Agustan 2020, bayan an ga ta ƙarshe a Borno a 2016, amma a 2021 an samu yara sama da 400 a Najeriya da wannan ƙwayar da ta rikiɗa daga maganin ta kama. Mutane sun ji an yi bikin kawar da cuta, sai kuma suka ga masu ɗiga magani sun dawo, kuma ba a zauna an yi musu bayani da Hausar da za su gane ba. Bayanin kuwa ba abin kunya ba ne, domin abin da yake nunawa shi ne cewa ƙarancin rigakafi ne ke ba ƙwayar dama, kuma an riga an sauya maganin da wani sabo da ya fi wuyar rikiɗa, wanda Najeriya ta fara amfani da shi a 2021. Ɓoye irin wannan magana shi ke ba masu yaɗa jita-jita a WhatsApp makami, su zo da rabin gaskiya su ce ga abin da ake ɓoye muku.

Idan aka duba manyan masifun da suka auku a wuraren allura a shekarun nan, za a ga cewa mafi yawansu ba daga cikin kwalbar suka fito ba, daga hannun da ya riƙe ta ne da yanayin da aka bar shi yana aiki. A Sudan ta Kudu a 2017 yara 15 suka mutu a yankin Kapoeta bayan allurar ƙyanda, kuma bincike ya nuna an ajiye maganin kwanaki ba sanyi, an yi ta amfani da sirinji ɗaya wajen haɗa shi, ga kuma ma'aikatan da ba a horar ba. A tsibirin Samowa a 2018 jarirai biyu suka mutu saboda ma'aikatan jinya sun haɗa allurar da wani maganin saki jijiya maimakon ruwan da ake haɗa ta da shi. Tsoro ya kama iyaye, rigakafi ya faɗi, shekara ta gaba ƙyanda ta kashe mutum 83 a ƙasar da jama'arta kimanin dubu ɗari biyu ne kawai, yawancinsu ƙananan yara. Yawancin alluran nan sai an riƙe su tsakanin digiri 2 da 8 tun daga ma'ajiyar ƙasa har zuwa ƙauye, allurar ƙyanda kuma da zarar an haɗa ta, bayan awa shida sai zubarwa. A garin da zafi ke haura digiri arba'in, wutar lantarki kuma sai an ga dama, wannan yana nufin firji mai aiki da hasken rana da wanda zai gyara shi idan ya lalace, da man babur na kai magani ƙauye, da sirinji mai amfani sau ɗaya, da ma'aikaciyar da aka horar aka kuma biya ta albashinta a kan lokaci. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan layi ne a kasafin kuɗi. Gwamnan da ya ƙi sakin kuɗin gyaran firji ya taɓa amincin allura fiye da duk wani mai surutu a kafar sada zumunta, sai dai shi ba a ganin hannunsa.

A nan ne maganar ta zo kan wanda ke biya. Tun bayan kafa Gavi, ƙawancen duniya mai tallafa wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi sayen alluran rigakafi, a shekarar 2000, wani babban kaso na kuɗin sababbin alluranmu daga wajensa yake zuwa, ana sayo su da dala ta hannun UNICEF. Tsarin Gavi shi ne ƙasa ta riƙa ƙara nata kason a hankali har ta tsaya da ƙafarta. Najeriya ta isa lokacin yaye ba ta shirya ba, sai a 2018 aka ɗaga mata ƙafa zuwa 2028, Gavi ya yi alkawarin kimanin dala biliyan ɗaya, ita kuma ta yi alkawarin kusan biliyan biyu daga aljihunta. Tun daga lokacin jadawalin ya ƙara faɗi, an shigo da allurar gudawar yara a 2022, da ta sankarar bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a 2023, da ta zazzaɓin cizon sauro da aka fara a Kebbi da Bayelsa a ƙarshen 2024. Duk abin farin ciki ne, amma kowace sabuwar allura ƙarin nauyi ce da za a gada. Darajar naira kuma ta faɗi daga ƙasa da 500 a kan dala a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, don haka ko adadin allurar bai ƙaru ba, kuɗinta a naira ya ninka sau uku. Ana cikin haka gwamnatin Donald Trump ta rufe hukumar USAID a 2025, ta sanar da ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, sakataren lafiyarta Robert Kennedy kuma ya ce Amurka ta daina ba Gavi kuɗi, yana zargin ƙawancen da sakaci kan amincin allurai, zargin da Gavi ya musanta. Taron tara kuɗi da aka yi a Brussels a watan Yunin shekarar bai kai adadin da aka nema ba. Abin lura a nan shi ne siyasar cikin gida ta wata ƙasa, da muhawarar da mutanenta ke yi a tsakaninsu, za ta iya yanke hukunci kan ko jaririn da aka haifa a Gumel ko Illela zai samu allura. Zanen aro ba ya rufe katara.

Gwamnatocinmu ba su rasa alkawura ba. A Abuja aka taru a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron ta shafe shekarun nan tana yawo tsakanin kashi huɗu da shida. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, amma sai a 2018 aka fara sa shi a kasafi. Ko abin da aka rubuta ma, tsakanin rubutawa da sakin kuɗi akwai tafiya mai nisa, kuma kamfanin da ke sarrafa allura yana buƙatar oda watanni kafin lokaci, ba ya jiran sai ma'aikatar kuɗi ta ga dama a watan Nuwamba. Akwai kuma abin kunyar da bai kamata a tsallake ba, wato binciken da Gavi ya yi a 2014 ya gano an karkatar da wasu daga cikin kuɗin da ya bayar, har ƙasar ta mayar da miliyoyin daloli. Sakamakon duk wannan ana ganinsa a ƙididdiga: a 2023 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan yaran da ba a taɓa yi musu ko allura ɗaya ta yau da kullum ba, sama da miliyan biyu, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Ana kuma ganinsa a maƙabarta. Mashaƙo, cutar da allurarta ke cikin jadawalin kowane jariri kuma ba ta da tsada, ta ɓarke tun ƙarshen 2022, Kano ce cibiyarta, ta kashe sama da mutum dubu, galibi yaran da ba su kammala rigakafi ba. Babu wani baƙo da ya ƙulla mana wannan.

Za a iya cewa a ƙasar da yunwa da rashin tsaro suka addaba, akwai abubuwan da suka fi gaggawa, kuma tunda akwai masu ba da tallafi, me zai hana a bar musu wannan a mai da hankali kan sauran? Na fahimci wannan magana, amma lissafinta bai fita ba. Yaron da ƙyanda ta kama yana fama da tamowa shi ne mafi kusa da mutuwa, kuma kuɗin jinyar yaro ɗaya mai mashaƙo a ɗakin keɓewa zai yi wa yara masu yawa allura. Bayan haka, mai ba da tallafi yana da abin da ya sa a gaba, kuma hakkinsa ne. Duniya ta ƙudurta kawar da shan inna, shi ya sa kuɗi suka kwarara a can, yayin da ɗakin awo da allurar yau da kullum suka zauna a bushe, kuma daga nan ne tambayar magidancin nan ta samo asali. Gwamnatin da ke biya da kuɗinta ita ke da ikon cewa ma'aikaciyar da ta zo da maganin shan inna ta zo da maganin zazzaɓi da gidan sauro, asibitin unguwa kuma a same shi a buɗe ranar da uwa ta je. An ma gwada wani abu mai kama da haka, domin yarjejeniyar da Kano ta ƙulla da gidauniyar Ɗangote da ta Bill Gates, wadda daga baya Bauchi da Borno da Kaduna da Sakkwato da Yobe suka shiga irinta, an gina ta ne a kan asusu ɗaya da kason jiha ke ƙaruwa kowace shekara har ta ɗauki nauyin duka. Tsarin mai kyau ne, kuma ya kamata 'yan majalisun waɗannan jihohi su riƙa tambaya a bainar jama'a ko ana ci gaba da zuba kuɗin bayan baƙin sun janye hannu.

Ana yawan kawo maganar sarrafa allura a gida a matsayin mafita, ana tuna cewa ɗakin sarrafa allurai na tarayya da ke Yaba a Legas ya yi shekaru yana samar da ta agana da ta shawara da ta cizon mahaukacin kare kafin a rufe shi a 1991 da sunan gyara. Ina goyon bayan a farfaɗo da wannan, musamman tunda Cibiyar Pasteur ta Dakar ta nuna ana iyawa a yankinmu, kuma NAFDAC ta kai mataki na uku a ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke auna hukumomin sa ido kan magunguna da shi a 2022. Sai dai masana'anta aikin shekaru ne, kuma ba za ta rayu ba idan gwamnatin da za ta sayi kayanta ba ta biya a kan lokaci.

Abin da ya fi kusa, kuma ba na jin ana maganarsa, shi ne hakkin wanda allura ta yi wa illa da gaske, komai ƙarancinsu. Birtaniya tana da dokar biyan irin waɗannan mutane tun 1979. Amurka ta kafa nata tsarin da dokar 1986, inda ake cire santi 75 a kan kowace cuta da allura ke karewa a zuba a asusu, wanda ya samu illa ya kai ƙorafi a duba ba tare da sai ya tabbatar da laifin kamfani ba. A lokacin korona ma shirin COVAX na raba allurar korona ya yi irin wannan tanadi ga ƙasashe 92 masu ƙaramin ƙarfi. Hujjar a bayyane take: idan al'umma ta nemi kowa ya kawo ɗansa domin kare kowa, to wanda ƙaddara ta faɗa wa ɗansa bai kamata a bar shi shi kaɗai da jinya ba. A wurinmu akwai fom na kai rahoton illar allura da kwamitin ƙwararru da ke duba manyan lamura, amma uwa a ƙauye ba ta san da su ba, ba a kuma karanta mata sakamakon binciken a rediyo. Da za a ware wani ɗan kaso daga kuɗin rigakafi, a ba da lambar waya da ake amsawa da Hausa da Fulatanci da Kanuri, a ɗauki nauyin jinyar duk yaron da aka tabbatar, sannan hukumar kula da lafiya a matakin farko ta riƙa fitar da adadin ƙorafe-ƙorafen da ta karɓa da abin da ta gano duk bayan wata uku, da ma'aikaciyar da ke tsaye a ƙofar gida ta samu abin da za ta faɗa wa magidanci idan ya tambaye ta wa zai ɗauki alhaki. Shekarar 2028 ta kusa, kuma kasafin da za a rubuta kafin ta zo 'yan kaɗan ne suka rage.